Spitfire ba jirgin ɗan koyo ba ne

A ƙarshen mako, idan yanayi ya yi kyau, filaye da dama a Birtaniya da Amurka da Jamus kan cika da masu sha'awar tuƙa ƙananan jiragen sama, waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo.

Daga cikin waɗannan jirage, babu waɗanda suka fi jan hankali kamar masu kwaikwayon jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin da dattawa ke kira yaƙin Hitila. Ana ƙera su da siffa da fenti da lambobi irin na jiragen ainihi, sai dai an rage girmansu.

Galibin masu shiga wannan harka da sunan jirgi guda suke zuwa a bakinsu: Spitfire na Birtaniya, ko kuma P-51 Mustang na Amurka.

To amma shawarar da tsofaffin hannu suka saba bayarwa ita ce a dakata tukuna. Jirgin da aka kashe kuɗi mai yawa aka saya yana iya zama tarkace cikin daƙiƙoƙi kaɗan da tashinsa na farko.

Inda gizo ke saƙa

Jirgin Spitfire, wanda injiniya R. J. Mitchell ya zana, ya fara tashi ne a watan Maris na 1936, kuma an ƙera fiye da 20,000 kafin a daina. Faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11.

Ke nan idan aka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma, za a sami jirgi mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai, wanda zai shiga bayan mota ba tare da wahala ba.

Matsalar ita ce ana iya rage girman jirgi, amma ba a rage iska. Ƙaramin fiffike ba ya riƙe iska kamar babba, musamman idan gudu ya ragu.

Fukafukan Spitfire kuwa, waɗanda su ne ƙawarsa, suna tsukewa ne zuwa baki. A kan ƙaramin jirgi, wannan siririn baki shi ne ke fara sakin iska idan matuƙi ya rage gudu fiye da kima. Sai fiffike ɗaya ya sunkuya ba zato, jirgin ya juya ya nufo ƙasa da ka.

Hakan ya fi faruwa ne a kwanar ƙarshe kafin sauka, lokacin da jirgin ke kusa da ƙasa, babu sauran sararin da za a ceto shi.

Dalili ke nan da ya sa kamfanoni kan ɗan saɓa wa siffar asali. Sukan ƙara faɗin jela, su kuma ɗan murɗa bakin fiffike ƙasa. Mai neman kwaikwayo sak ba zai so haka ba, amma ɗan koyo ya kamata ya gode.

Akwai kuma batun mazaunin fiffike. A jirgin koyo, fiffiken a sama yake, an kuma ɗaga bakinsa kaɗan, ta yadda idan matuƙi ya rikice ya saki sandar tuƙi, jirgin kan nemi daidaita kansa. Jirgin yaƙi fiffikensa a ƙasa yake, an kuma gina shi ne domin ya juya da sauri. Inda aka karkata shi, nan zai tsaya har sai an dawo da shi.

Taya da farfela

Wani abin da ba a cika lura da shi a kanti ba shi ne tayoyi.

Yawancin jiragen yaƙin wancan zamani tayoyi biyu ne da su a gaba, da ƙarami guda a ƙarƙashin jela. Idan aka taka wuta domin tashi, juyawar farfela kan fizgi hancin jirgin zuwa hagu, kuma dole ne matuƙi ya tare shi nan take. Idan ciyawar fili ta yi tsawo, jirgin kan yi tuntuɓe ya kafa hanci a ƙasa.

A jirgin Spitfire da kuma Messerschmitt Bf 109 na Jamus, tayoyin biyu suna kusa da juna ƙwarai. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ko a jiragen ainihi, domin Jamus ta yi asarar jiragen Bf 109 masu yawa a haɗurran tashi da sauka, ba a fagen daga ba. Ƙaramin samfurin ya gaji wannan hali.

Jiragen Mustang da P-47 Thunderbolt da Hawker Hurricane kuwa, tayoyinsu a buɗe suke, saboda haka sun fi zama daram a ƙasa. Mustang dai yana son gudu, ba ya kuma yafe wa wanda ya shigo sauka a sanyaye. Thunderbolt, mai ƙaton ciki da faffaɗan fiffike, shi ne ake yawan ambata a matsayin mafi haƙuri a cikinsu.

Jirgin da ya ratsa Kano

Hurricane bai yi farin jinin Spitfire ba, duk da cewa a gwabzawar da aka yi a sararin samaniyar Birtaniya a 1940, shi ne ya kakkaɓo jiragen Jamus fiye da Spitfire. Fiffikensa mai kauri ne, faɗinsa ya kai mita 12, kuma kaurin nan alheri ne ga ƙaramin samfuri, domin yana ba shi damar tafiya a hankali ba tare da ya kife ba.

Jirgi ne kuma da ke da tarihi a wannan yanki. Daga watan Satumba na 1940, Birtaniya ta riƙa kawo jiragen Hurricane cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Ghana ta yanzu, inda ake harhaɗa su. Daga nan sai su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena a yau, su ratsa Sudan zuwa Alƙahira domin yaƙin Arewacin Afirka. Dubban jirage iri-iri ne suka bi wannan hanya.

Saboda haka wanda ya zaɓi Hurricane mai fentin sahara, ya zaɓi siffar da mutanen Kano na wancan lokaci suka gani da idonsu.

Da rarrafe yaro kan tashi

Sai dai ko Hurricane ko Thunderbolt, babu wanda ya dace ya zama jirgin farko da mutum zai taɓa tuƙawa. Jirgin yaƙi na farko, a bisa al'adar masu wannan harka, shi ne jirgi na biyu ko na uku.

Matuƙan rundunar saman Birtaniya ma haka suka yi. Sun fara ne da Tiger Moth mai fukafukai hawa biyu, suka wuce zuwa Harvard ko Miles Master, kafin a damƙa musu Spitfire.

Abin da jirgin koyo ke koyarwa ba a samunsa a littafi. Misali, idan jirgi ya juyo yana fuskantar mai tuƙi, damarsa ta koma hagun mai tuƙin. Sai hannu ya saba da wannan ba tare da tunani ba.

Ƙungiyoyi irin su BMFA a Birtaniya da AMA a Amurka suna da kulob-kulob inda ake haɗa na'urar malami da ta ɗalibi, ta yadda malami zai karɓe tuƙi da zarar al'amari ya ɓaci. Akwai kuma manhajojin kwamfuta kamar RealFlight, inda mutum zai faɗi sau ɗari bai yi asarar ko kwabo ba.

Ga wanda ya ƙosa, akwai tsaka-tsaki: T-28 Trojan. Ba jirgin Yaƙin Duniya ba ne, domin sai a 1949 ya fara tashi, kuma jirgin horar da sojin Amurka ne. Amma yana da kamannin jirgin yaƙi, fiffikensa a ƙasa, tayarsa ta uku kuma a ƙarƙashin hanci take, abin da ke sauƙaƙa tashi da sauka.

Abin da ya sauya

A da, sai mutum ya shafe watanni yana yanka katakon balsa yana mannawa, sannan ya ɗora injin mai amfani da mai. A yau, kamfanoni irin su E-flite da FMS suna sayar da jirage kusan a haɗe, waɗanda aka yi da wani irin soso mai tauri, masu aiki da batir. Idan fiffike ya karye, sau da yawa gam ya isa.

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 kuma, na'urorin rediyo suka koma zangon gigahaz 2.4, abin da ya kawar da tsohuwar matsalar na'urar wani ta kutsa cikin jirgin wani. Wasu jiragen ma suna ɗauke da na'urar da ke daidaita su da kanta, ta kuma hana su karkata fiye da kima. Tana taimakawa, amma ba ta iya hana jirgin da gudunsa ya ƙare faɗowa.

Game da girma, mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya fi dacewa. Wanda bai kai haka ba iska na wasa da shi, yana kuma saurin ɓacewa ido. Kafin kowane tashi, wajibi ne a ɗora jirgin a kan yatsu a wurin da kamfani ya nuna, a tabbatar nauyinsa bai rinjaya zuwa jela ba, domin jirgin da jelarsa ta yi nauyi da wuya ya tuƙu. Batir ɗaya kan ba da 'yan mintoci ne kawai, kuma ba a barinsa kan caji babu mai kula, saboda yana iya kamawa da wuta.

Doka ma ta shigo ciki. A Amurka, tun daga Disamban 2015 ake buƙatar rajista ga jirgin da nauyinsa ya haura giram 250, kuma a yawancin wurare ba a yarda a wuce tsayin ƙafa 400 ba.

A Najeriya, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta NCAA ta ba da sanarwa a 2016 cewa ba a yarda a tashi jirgi maras matuƙi ba sai da izininta da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Bisa la'akari da halin tsaro a wasu jihohin arewa, wanda ke shirin yin odar irin wannan jirgi daga waje zai fi samun kwanciyar hankali idan ya tuntuɓi hukumar kafin ya biya kuɗi.