Ina Ya Kamata Gajiyayye Ya Nufa?

Kakanninmu mutane ne masu tafiya ƙwarai, amma ba su kasance suna ɗaure kaya ba sai da dalili mai ƙarfi: wani fataucin goro ya kai shi Gwanja, wani neman ilmi ya kai shi Barno, wani kuwa ya ratsa Wadai da Darfur a ƙasa, shekara da shekaru, domin sauke faralin Hajji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan har yanzu, da mutum zai bar gidansa lafiya lau, ya kashe kuɗin mota da na masauki, ba don ciniki ko zumunci ko jinya ba, sai don ya huta kurum, a sami dattijon da zai ce wannan almubazzaranci ne. Dattijon yana da uzuri, gama a zamaninsa shekara ita ke raba wa mutum aiki da hutu, in an kai amfanin gona rumbu sai jiki ya sarara har faɗuwar ruwa. Amma malamin ofis, da ɗan kasuwar Kantin Kwari, da ma'aikaciyar asibiti, ba su da kaka ba su da rani, aikinsu na jiya shi ne na gobe. Malamai kuwa sun daɗe suna karantar da cewa jiki amana ne, yana da hakki a kan mai shi, kuma hutun da aka yi da niyyar komawa bakin aiki da ibada da sabon ƙarfi ba ya cikin israfi.

To, idan an yarda da wannan, sai a tambaya ina za a nufa. Masu hannu da shuni sun riga sun yanke nasu hukuncin, domin da an ambaci hutu sai zuciyarsu ta tafi Dubai ko Alƙahira ko Landan, inda za su ƙare kwanakinsu suna zagaya kantuna, su komo da akwatuna maƙil da kaya da kuma gajiyar da ta fi wadda suka tafi da ita. Ni dai a ganina Allah Ya ajiye mana a cikin ƙasar nan wuraren da ba su bukatar fasfo ko biza ko canjin kuɗi, abin da ya rage kawai shi ne mutum ya san irin gajiyar da ke damunsa kafin ya zaɓa, domin wanda hayaniyar jama'a ta ishe shi da wanda zafin bazara ya galabaitar ba magani ɗaya suke nema ba. Wanda bai yi wannan tunani ba shi ne zai ɗauki 'yan kwanakinsa ya tafi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma tun 1934, ko kallon hawan Daushe a Kano. Abubuwa ne masu ƙayatarwa da ya kamata kowa ya gani ko sau ɗaya, amma turmutsutsu ne da ƙura da tsayuwa a rana, kuma ba mai barin wurin da jiki a sake.

Wanda abin da yake nema shi ne shiru da natsuwa, ban san inda ya fi masa Yankari ba, wato gandun dajin nan da ke ƙaramar hukumar Alƙaleri a Jihar Bauci. An keɓe shi a 1956, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Jama'a sun fi saninsa da giwaye, kuma lalle garken da ke cikinsa yana daga cikin mafiya girma da suka saura a Nijeriya, ga ɓauna, ga gwanki, ga kanki, ga dorina da kada a kogin Gaji. Sai dai ya kamata mai niyya ya sani cewa daji ba gidan zu ba ne, ba wanda zai yi masa alkawarin giwa za ta fito don ya zo. Da damina ciyawa takan rufe komai, dabbobi su watsu tun da ruwa yana ko'ina, amma idan rani ya yi nisa, tafkuna suka ƙafe, sai ƙishirwa ta tattaro su bakin kogi, a nan ne mai fita da sassafe ko da la'asar sakaliya yakan yi katari. Wanda ya taɓa tsayawa a cikin mota, an kashe inji, giwa da ɗanta suna ratsa hanya a gabansa ba su ko dube shi ba, ya sami abin yin tafakkuri a kan ikon Mahalicci wanda wa'azin wata guda ba lalle ya ba shi ba.

Duk da haka, abin da ya sa na fifita Yankari ga mai neman hutu shi ne ruwan Wikki, wani marmaro da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse a gindin masaukin baƙi, garai-garai har ana hangen farin yashin da ke ƙasansa, ɗuminsa kuwa yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, ɗari da bazara, ta yadda da hunturu za ka ji shi da ɗumi, da zafi kuma ka ji shi da sanyi-sanyi. Mai iyali da ke son sutura da kamun kai ya sauka da hantsi a tsakiyar mako, ya kauce wa kwanakin Salla da Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da 'yan makaranta da 'yan yawon shaƙatawa kan cika wurin. Abu ɗaya ne zan ja kunne a kansa: gwaggon biran wurin sun saba da mutane har sun raina su, wanda ya bar taga a buɗe ko ya riƙe ledar abinci sakaka, to, ya yi sadakar da bai yi niyya ba.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da nake ganin ta dace da zancenmu. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, matafiyin da tafiyarsa ta kai mil 48 yana yin ƙasaru, amma idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka, sai ya cika sallarsa, domin ya fita daga hukuncin matafiyi ya shiga na mazauni. Ba don masu hutu aka yi wannan hukunci ba, amma ma'aunin ya yi daidai da ɗabi'ar jikin ɗan Adam: ranar farko ta gajiyar hanya ce, ta biyu zuciya tana can wurin shago da bashi da wayar da ba ta daina ƙara ba, sai a ta uku barci yake fara nauyi. Wanda ya je ranar Asabar ya juyo ranar Lahadi, har ya dawo gida matafiyi ne, bai zauna ba balle ya huta.

Wanda kuwa zafi ne ya gallabe shi, kuma yana da mako guda ko fiye, to, ya dubi tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ƙasar da ta shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka kuma sa wa lardinta sunan sarautar Sir Ahmadu Bello. Tudu ne da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, tuddai bayan tuddai lulluɓe da ciyawa, shanun Fulani suna kiwo, hazo yana sauka da safe, ga gonakin shayi na Kakara, ga Gembu da Nguroje inda bargo yake wajibi ko a watannin da mutanen Sakkwato ke kwana a tsakar gida. A wannan yanki ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane tsayi a Nijeriya da mita 2,419. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne, watau nisa: daga Jalingo ta Bali da Serti tafiya ce ta kusan wuni, hawan da ke farawa daga Mayo Selbe kuwa kwana-kwana ne masu bukatar mota mai lafiyar birki da direban da ya san hanya. Ba wurin kai tsoho mai ciwon baya ba ne, ko mace mai tsohon ciki.

Jos ita ce sassaucin wannan, ga wanda kwanakinsa kaɗan ne: tana bisa mita 1,200 ko kusa da haka, shi ya sa Turawan mulki da na haƙar kuza suka mai da ita wurin shan iska, kuma akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952, mai ɗauke da gumakan yumɓu na Nok, da duwatsun Shere, da gangarar ruwa ta Assop a kan hanya. Amma Jos birni ce, da cunkosonta da hayaniyarta. Obudu ta Jihar Kuros Riba tana da nata sanyin da kyan gani, sai dai ga mutumin Kano ko Katsina hanya za ta cinye rabin hutun.

Kome mutum ya zaɓa, zamani ya wajabta masa abin da bai wajaba a kan iyayensa ba, watau binciken lafiyar hanya kafin ya tashi. Kuma direbobin tasha, waɗanda suka bi ta jiya, sun fi kowa sanin halin da take ciki. Wanda ya nemi shawarata a kan hutunsa na farko shi da iyalinsa, Yankari zan ce masa, tsakanin ƙarshen Janairu da Maris, kwana huɗu ko biyar a tsakiyar mako. Ya kama ɗaki tun yana gida, ya yi guzurin maganin sauro da na zazzaɓi, ya kuma bar garin Bauci da wuri yadda zai isa ƙofar Mainamaji da sauran rana, domin daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai fiye da kilomita 40 a cikin daji.