Cakulan Guba Ne Ga Kare

Ma'aikata da dama suna ajiye kare don gadin gida, amma ba kowa ya san cewa cakulan da yara ke jefa masa yana iya halaka shi ba. Dalili kuwa, ƙwayar koko tana ɗauke da wani sinadari mai suna tiyoburomin. Jikin mutum yakan kawar da shi da wuri, amma a jikin kare sai an yi kimanin awa 17 kafin rabinsa ya fita. Baƙin cakulan ya fi haɗari, musamman ga ƙaramin kare.

Alamun su ne amai, zawo, haki da saurin bugun zuciya, har farfaɗiya. Gubar ba ta da makari. Saboda haka a gaggauta kai shi asibitin dabbobi, a sa shi amai tun ba ta shiga jini ba.