Daga Gidan Goga zuwa Bahar Maliya: Inda Dogo Ya Yanke

Mutumin Gidan Goga, a ƙasar Maradun ta Zamfara, da ya ƙudurta yin doguwar tafiya a jirgin ƙasa, wadda za ta ratsa ƙasa biyu ko uku, abu na farko da zai gano shi ne jirgin bai san garinsu ba. Bai san Maradun ba, bai san Bakura ko Talata Mafara ba, bai ma taɓa isa Sakkwato ba. Tashar da ta fi kusa da wannan yanki ita ce Ƙauran Namoda, inda reshen dogon da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a 1929. Shekara kusan ɗari ke nan, ba a ƙara ko taku ɗaya a gaba ba.

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa wannan reshe ne don kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, kamar yadda suka kai dogo Kano a 1911 da Nguru a 1930. Da aka iso inda amfanin gona zai cika taragu, sai aka tsaya. Haka abin yake a kusan duk Afirka ta Yamma: kowane layi ya taso daga tashar jiragen ruwa ya miƙe cikin ƙasa, bai waiwayi na maƙwabcinsa ba. Shi ya sa har yau babu dogon fasinja ko ɗaya da ya haɗa Nijeriya da wata ƙasa.

Duk da haka, kakanninmu sun yi irin wannan tafiya, kuma sun iya shirya ta. Ina nufin maniyyatan da suka tafi Makka ta ƙasa, kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Maniyyaci daga ƙasar Zamfara yakan taka da ƙafa ko ya hau jaki zuwa Ƙaura ko Gusau, ya shiga jirgi zuwa Zariya. Daga can wasu su yi Kano da Nguru, wasu su yi Jos su nemi babbar mota zuwa Maiduguri, domin dogo bai isa Maiduguri ba sai a 1964. Daga Barno kuwa sai a yi sallama da jirgi. A ratsa arewacin Kamaru, a shiga Fallomi, wato Njamena ta yau, a bi ta Abashe da Adire, a tsallaka Sudan ta Jinaina, a wuce Fashir, sannan a sake jin kukan jirgi a El Ubayyid, inda dogon Sudan ya iso tun wajen 1912. Daga baya, a 1959, wani reshe ya kai Niyala a ƙasar Darfur, ya rage wa masu tafiya wahala. Jirgin yakan haye Farin Nilu a Kosti, ya bi ta Sinnar, ya sauke su a gaɓar Bahar Maliya. A Sawakin ake tsare alhazai don binciken lafiya, kafin jirgin ruwa ya kai su Jidda.

A nan akwai abin da ke ci mini rai duk lokacin da na duba taswira. Tsohon dogon Nijeriya da na Sudan faɗinsu ɗaya ne, ƙafa uku da rabi, wato milimita 1,067, domin duka biyun aikin Ingilishi ne. Taragon da ya tashi daga Ƙauran Namoda zai zauna daram a kan dogon Niyala. Abin da ya raba su shi ne tazarar fiye da kilomita 1,200 tsakanin Maiduguri da Niyala, galibinta cikin Chadi, wadda Faransa ta mulka ta tafi ba ta bar mata dogo ba. Wannan giɓi shi ya mayar da tafiyar makonni ta koma ta watanni, ga wasu ma ta shekaru.

To, yaya suke shiri? Ba su dogara da guzurin da suka baro gida da shi ba, don sun san ba zai kai ba. Sana'a suke riƙewa: wanzami da zabirarsa, tela da allurarsa, malami da allonsa, manomi da ƙarfinsa. Inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a nemi na gaba. Gonakin audugar Jazira a Sudan, waɗanda aka buɗe bayan kammala madatsar Sinnar a 1925, sun ci gumin dubban Hausawa da Fulani da Barebari masu haɗa kuɗin jirgi. Ba a tafiya kai kaɗai; ayari ake yi, da madugu wanda ya san hanya da masu masauki. Kuma a kowane zango akwai 'yan'uwa da suka riga su. Garin Mai Wurno da ke gefen Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, bayan yaƙin Burmi na 1903. Basakkwace ko Bazamfaren da ya isa can yakan tarar da masu jin harshensa, su ba shi masauki, su faɗa masa ranar da jirgi ke wucewa. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa sun ƙarasa ba su komo ba, zuriyarsu na can har gobe.

Wanda zai shirya irin wannan tafiya yau, darasin da zai ɗauka daga gare su shi ne ya fara lissafi daga wuraren da babu dogo, don nan ne kwanaki da kuɗi ke zurarewa. Hanyar gabas dai a rufe take ga mai hankali, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, kuma Darfur na cikin inda abin ya fi muni. Aikin hajji kuma yanzu ta hannun hukumar alhazai ake yin sa, a jirgin sama. Jirgin ƙasan da alhajin Gidan Goga zai iya hawa shi ne na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, mai cin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin abin da bai kai awa uku ba.

Mai son yawon buɗe ido ko fatauci, Kamaru ce ta fi masa sauƙi: mota zuwa Yola, mota zuwa Garwa da Ngaundere, sannan jirgin dare zuwa Yawunde. Sai ya tanadi fasfo mai sauran wa'adi, da katin allurar shawara, da kuɗin sefa, ya kuma tuna cewa sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar da Benin. Ya bar kwanaki na rara tsakanin mota da jirgi, ya tambayi ma'aikatan tasha da bakinsa kafin ya amince da jadawalin da ya gani a waya. A gida kuwa, sabon dogon Abuja zuwa Kaduna na 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021 faɗinsu milimita 1,435 ne, ba sa haɗuwa da tsohon layin Ƙaura. Na Benin da Kamaru, da wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai yi jigilar kirki ba, mita ɗaya ne cif. Faɗi iri uku ke nan a yanki guda, kuma duk inda biyu suka haɗu dole fasinja ya sauka da kayansa.

Sai kuma abin da kowa a Maradun ya sani ba sai an faɗa masa ba: zangon farko, daga ƙofar gida zuwa babban titi, shi ne ya fi haɗari a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Jirgin ma bai tsira ba. Harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya nuna haka.

Abin da ke ba da fata shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In Allah ya sa aka kammala, shi ne karo na farko da jirgin fasinja zai fita daga Nijeriya ya shiga wata ƙasa. Na yi murna da shi ƙwarai, amma Zamfara ba ta cikin hanyarsa, alhali tsohuwar tashar Ƙaura tana zaune babu zirga-zirgar da aka san ta da ita, ga kuma shinkafar Bakolori da ta fadamun Bakura ana ɗora ta a manyan motoci bisa hanyoyin da babu tsaro.

Kirana ga 'yan majalisar tarayya na Zamfara da Sakkwato da sarakunanmu shi ne su haɗa baki su nemi abu biyu a kasafin kuɗin ƙasa: a farfaɗo da layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, sannan a ja dogo daga Gusau ta Talata Mafara zuwa Sakkwato, a faɗin da zai iya haɗuwa da na Kano da Maraɗi.