Daga Maraɗi zuwa Urushalima: abin da Kiristocinmu suka gano a ƙasa mai tsarki

Daga wakilinmu na Maraɗi

A ƙasar nan idan aka ce wane ya tafi ƙasa mai tsarki, ba a tambayar wacce, kowa ya san Makka da Madina ake nufi. To amma akwai wasu ƴan ƙasa, maƙwabtanmu a unguwa kuma abokan cinikinmu a kasuwa, waɗanda idan suka faɗi haka hankalinsu yana kan Urushalima ne, wato birnin Ƙudus, da Baitalami da Nazarat, wuraren da Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya yi rayuwarsa. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba, kuma a cikinsu waɗanda suka taɓa taka waɗannan wurare ba su taka kara sun karya ba. Wani ɗan ƙaramin ayari na ƴan coci daga Maraɗi da Tsibiri da Galmi ya samu zuwa kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoban 2023 ya toshe hanya. Na zauna da wasu daga cikinsu, da farko a gidan rediyonmu, daga baya kuma a gidajensu, don in ji abin da ya rage musu na wannan tafiya bayan an gama cin tsaraba.

Ziyara ce, ba farilla ba

Abu na farko da faston da ya jagoranci ayarin ya so masu sauraro su fahimta shi ne, wannan tafiya ba ɗaya take da aikin Hajji ba. Hajji rukuni ne a Musulunci, shi kuwa Kirista babu inda aka wajabta masa zuwa Urushalima, kuma wanda bai je ba har ya mutu babu abin da ya ragu a bangaskiyarsa. Ziyara ce ta mai hali da niyya.

Hanyar ma ba mai sauƙi ba ce ga ɗan Nijar. Alhazanmu suna da hukumar COHO mai shirya musu tafiya. Kiristocin Nijeriya su ma suna da hukumar gwamnati da aka kafa da doka a 2007, kuma wanda ya dawo yakan ƙara haruffan JP a bayan sunansa, kamar yadda ake cewa Alhaji. Namu ba su da ko ɗaya. Bugu da ƙari, Nijar ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila tun watan Afrilun 2002, saboda haka babu ofishin neman biza a Yamai, sai an bi ta wata ƙasar. Kuɗin jirgi da masauki kuwa sun fi ƙarfin talaka. Cikin ƴan ayarin akwai wadda ta yi shekaru tana adashe, akwai wanda ya sayar da sa, akwai kuma wani mushe da ya ajiye aikin koyarwa, wanda ƴaƴansa suka haɗa masa.

Ba kowa ne ya yi na'am da tafiyar ba. Wasu dattawan ikilisiya sun fito fili sun ce kuɗin ya isa a rufa wa wata majami'ar ƙauye kwano, ko a biya wa marayu kuɗin lakwal. Wannan magana, in ji faston, ta bi su har cikin jirgi, kuma ita ce ta sa kowa ya riƙa tambayar kansa me zai kawo wa waɗanda suka tsaya gida.

Ƙasa irin tamu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Yawancin ƴan ayarin sun tashi da hotunan littattafan Lahadi na Turawa, inda ake zana ƙasar Yesu kore shar kamar lambu. Da mota ta gangara da su daga Urushalima, mai tsayin kusan mita 800 sama da teku, zuwa Yariko da ke kimanin mita 250 ƙasa da teku, sai suka ga tsaunuka fako, da makiyaya Larabawa da awakinsu da bukkokinsu. Mushen ya ce ji ya yi kamar yana kan hanyar Tawa zuwa Agadas da rani. A nan ne ya gane dalilin da ya sa labarin Basamariyen nan mai tausayi ya faru a wannan hanya, domin wanda ƴan fashi suka yasar a irin wannan daji, in ba a tsaya masa ba, ƙishirwa kaɗai ta ishe shi.

A Yariko an nuna musu itacen da ake dangantawa da Zakka, mai karɓar harajin nan da ya hau bishiya don ya hangi Yesu. Da suka duba ganyen sai suka ga ɓaure ne, irin wanda ke bakin gulbinmu. Haka kuma itacen ƙaya da mutane da yawa ke cewa da rassansa aka yi rawanin ƙayar da aka sa wa Yesu, ashe kurna ce, wadda yaranmu ke jifa suna tsintar ƴaƴanta.

Wata dattijuwa ta ƙungiyar zumuntar mata, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita rijiya ce ta tsaya mata a rai. Da na ce mata, Inna, cikin duk abin da kika gani me kika fi tunawa, ba ta ambaci manyan gine-gine ba. Ta ce rijiyar Yakubu ce da ke Nablus, wadda zurfinta ya kai kimanin mita 40, inda Linjila ta ce Yesu ya roƙi wata mace ruwan sha. Ta ce ita da ta yi shekara da shekaru tana jan guga har tafin hannunta ya yi kanta, da ta leƙa ramin ta san nauyin abin da aka roƙi matar nan, kuma daga ranar ta daina ɗaukar labarin kamar na wasu mutane na nesa.

Kogin da bai kai yadda ake zato ba

Ba ko'ina ne abin ya zo daidai da yadda suka ƙiyasta ba. Kogin Urdun, wanda ake ta rera sunansa a waƙoƙin coci, sun ɗauka zai kai kogin Kwara a Yamai. Da suka isa wurin da ake cewa Yahaya Maibaftisma ya yi wa Yesu baftisma, wanda aka sake buɗe wa maziyarta a 2011, sai suka tarar da ruwa mai laka, faɗinsa ƴan mitoci, ga sojan Isra'ila a wannan gaɓa, ga na Jodan a waccan. Wani matashi ma'aikacin jinya a cikin ayarin ya ce da farko gwiwarsa ta yi sanyi, gulbin Maraɗi da damina ya fi shi cika ido. Sai da ya ga wata tsohuwa ƴar Habasha ta shiga ruwan da farin mayafi tana kuka, sannan ya tuna cewa girman wurin ba a faɗin ruwan yake ba.

Tekun Galili shi ma tabki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13. A gefensa an ajiye wani jirgin kamun kifi na zamanin Yesu, mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka tono daga laka a 1986 lokacin da fari ya janye ruwan. A tsakiyar tabkin matuƙin jirginsu ya kashe inji, suka yi shiru na ɗan lokaci, sannan suka tayar da waƙar yabo da Hausa. Duk waɗanda na zanta da su sun ambaci wannan shirun.

Ƙofar da sai an sunkuya

Baitalami tana kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima, a yankin Falasɗinawa, kuma sai an wuce shingen bincike da doguwar katangar kankare kafin a shiga. Majami'ar Haihuwa da ke can an fara gina ta a ƙarni na 4, aka sake gina ta a ƙarni na 6, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2012. Ƙofar shigarta ba ta wuce mita 1 da santimita 20 ba, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, kowa sai ya sunkuya. Daura da ita, a ɗaya gefen filin, Masallacin Umar ne, kiran salla na haɗuwa da ƙarar ƙararrawa.

Abin da ya fi ba su mamaki a nan shi ne Kiristoci Larabawa. Da yawa a cikin ayarin ba su san akwai su ba. Sun ji su suna addu'a suna kiran sunan Allah, suna cewa insha Allah da alhamdu lillahi, kamar yadda Kirista Bahaushe ke yi. Ga mutanen da aka sha yi wa gori cewa addinin Nasara suke bi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sun kuma ji kukan waɗannan mutane, waɗanda a tsakiyar ƙarni na 20 su ne mafi rinjaye a Baitalami, amma ƙaura saboda matsin rayuwa da rikici ta mayar da su tsiraru a garinsu.

Makulli a hannun Musulmi

A tsohon birnin Urushalima sun bi hanyar nan mai zango 14 da ake cewa Yesu ya bi ɗauke da gicciye, wadda ta ratsa cikin kasuwa, har zuwa majami'ar da ke kan wurin da Kirista suka yi imani an gicciye shi, aka binne shi, ya kuma tashi. An keɓe ginin farko a shekarar 335. Ɗarikun Kirista 6 ne ke raba wurin, Girkawa da Katolika da Armeniyawa da Kibɗawan Masar da Habashawa da Suriyaniyawa, kuma zamansu bai rasa tsama ba. Akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga da ya haura shekara 200 a wurin, don babu mai ikon taɓa shi sai da yardar sauran. Faston ya ce ya ji kunyar wannan tsani.

Makullin ƙofar majami'ar kuwa yana hannun Musulmi ne. Zuriyar Judah ke ajiye shi, zuriyar Nusaiba ke buɗewa da rufewa, al'adar da ake dangantawa da zamanin Salahuddin, wanda ya karɓi birnin a 1187. Kusa da wurin akwai wani masallaci da aka gina don tunawa da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda tarihi ya ruwaito cewa ya ƙi yin salla a cikin majami'ar don kada na baya su mayar da ita masallaci. Ba da nisa ba kuma, dab da wata ƙofar harabar Masallacin Aƙsa, akwai unguwar baƙaƙen fata, jikokin alhazan da suka fito daga Cadi da Nijeriya da Sudan da Senegal suka zauna, cikinsu har da masu asalin Hausa.

Idan mai karatu bai manta ba, a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, an ƙona coci-coci fiye da 40 a ƙasar nan, akasari a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. Mushen yana Damagaram a lokacin, kuma maƙwabcinsa Musulmi ne ya ɓoye shi da iyalinsa. Ya ce duk da haka ya yi shekaru yana ɗauke da ɗaci a zuciya. Da ya tsaya da yamma ya ga Musulmi ya hau ɗan tsani yana kulle ƙofar wuri mafi daraja a wurin Kirista, fada-fada na tsaye suna jira, maƙwabcin nan nasa ne ya faɗo masa a rai. Da ya dawo, gidansa ya fara kai tsaraba kafin na ƴan'uwansa na jini.

Me aka kawo wa na gida?

An kawo ruwan Urdun a ƴan kwalabe, da man zaitun, da ƙananan gicciye na itacen zaitun. Faston bai hana ba, amma ya tsaya a gaban ikilisiya ya ce ruwa ruwa ne, kada wani ya mayar da shi magani ko laya. Ya kuma roƙi ƴan ayarin kada su ɗauki wani laƙabi. Bai ɓoye mini cewa akwai wanda ya je ya dawo yadda yake ba, sai dai hotuna a waya.

Sauran kuwa, ƴan cocinsu ne ke ba da shaida. Mushen yana koyar da darasin Lahadi da taswira, yana auna nisan Nazarat zuwa Baitalami da garuruwan da yara suka sani. Matashin nan ya ce duk lokacin da aka kawo majinyacin da ba shi da kowa, hanyar Yariko yake tunawa. Dattawan da suka yi adawa da tafiyar ba su janye maganarsu ba, amma ƴan ayarin ne suka ja gaba wajen karo-karon rufin majami'ar da aka yi magana a kai.

Bayan tafiyarsu abubuwa sun sauya. A 2019 baƙi miliyan 4 da rabi suka shiga Isra'ila, fiye da rabinsu Kirista, sai cutar korona ta tsayar da komai a 2020, sannan yaƙin Gaza ya zo. Baitalami ba ta yi bikin Kirsimati a fili ba a 2023 da 2024, sai a Disamban 2025 aka sake kunna fitilun bishiyar Kirsimati a dandalin garin. Wasu maziyarta sun karkata zuwa Jodan, inda Dutsen Nebo yake, wanda daga kansa Annabi Musa ya hangi ƙasar alkawari, da kuma ɗaya gaɓar wurin baftisma.

Na tambayi Inna ko za ta koma in hanya ta samu. Ta yi dariya ta ce ƙafa ta gaji, kuma in da kuɗi gara a tura matasa. Ta ce kullum tana sa mutanen can cikin addu'a, Yahudawa da Larabawa, Kirista da Musulmi, domin ta ci abincinsu ta sha ruwansu. Da zan tafi ta rako ni ƙofar gida, ta nuna mini kurnar da ke tsakar gidanta, ta ce nan take zama da Littafi Mai Tsarki kowace safiya tun da ta dawo.