Masu Mota Mai Fetur da Batir, a Riƙa Juya Taya

Edita, ka ba ni fili in yi kira ga direbobin da ke kai mu kasuwa a motocin nan masu haɗa fetur da batir, irin su Prius. Tayoyin gaba su ke jan motar, su ke bin sitiyari, kuma ta kansu batir ke samun caji in an taka birki. Shi ya sa suke riga na baya suɗewa. Don Allah duk bayan kilomita 10,000 a kai wa mai faci ya mai da na gaba baya, na baya gaba. In zurfin zanen taya ya sauka zuwa milimita 1.6, to ta gama aiki ko ba ta taɓa faci ba. Ga damina, ga buhunan masara a but, ga mu a ciki, ina birki zai kama?