Rauta, Fayiba ko Starlink: Yadda Intanet Ke Isowa Gidanka

Idan kana Jega, Aliero ko Maiyama, ka san data ta daina zama kayan ƙawa. Mai POS ba ya ciniki sai da sabis. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ba ya rajistar darasi sai da shi. Dillalin albasa kuma ta WhatsApp yake tura wa mai saye a Legas hoton buhu. Shi ya sa kamfanonin waya suka wuce sayar da layi kaɗai. Yanzu MTN da Airtel da sauransu ƙaramin akwati suke tallata maka, wato rauta, wadda za ka ajiye a ɗaki kowa a gida ya jona. Me ya tura su ga wannan, kuma me kake saye in ka biya kuɗinka?

Inda takarar ta samo asali

A Amurka, wayoyi biyu ne suka daɗe suna shiga gidaje: siririyar wayar tagulla ta tarho, da kakkaurar wayar talabijin. Da intanet ya zo, kamfanonin tarho suka ɗora shi kan tagullarsu, sai dai gudunsa na raguwa da zarar gida ya yi nisa da ofishinsu. Wayar talabijin ta fi ɗaukar kaya, don haka masu ita suka kwashe kwastomomi. Kamfanoni irin su Verizon da AT&T suka mayar da martani ta hanya biyu: shimfiɗa fayiba har ƙofar gida, sannan daga baya tura intanet ta iska da 5G.

Mu a nan labarin daban ne. Layin NITEL bai taɓa isa yawancin gidajenmu ba, talabijin kuma ta dish ko eriya muke kamawa. Da GSM ya zo a 2001, kai tsaye muka tsallaka zuwa wayar hannu. Saboda haka abokan takarar kamfanonin waya a Najeriya su ne masu shimfiɗa fayiba a manyan birane kamar Legas da Abuja, sai kuma Starlink, wanda ya fara aiki a ƙasar nan a Janairun 2023, karo na farko a Afirka.

Tafiyar da saƙonka ke yi

Bidiyon da kake kallo yawanci ta ƙarƙashin teku ya iso. Manyan wayoyi irin su MainOne da Glo-1, da suka fara aiki a 2010, da Equiano na Google da ya iso a 2022, duk a gaɓar Legas suka sauka. Daga can fayiba ke ɗauko saƙon zuwa arewa. Fayiba zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke gudu cikinsa kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 da intanet ya rikice a Yammacin Afirka, har bankuna suka tsaya? Wasu daga cikin wayoyin teku ne suka tsinke daura da Kwaddibuwa.

Takarar duk a kan zangon ƙarshe take, daga babbar hanya zuwa ɗakinka. Hanyoyi uku ne.

Ta ɗaya: ƙarfen sabis da rauta

Rautar gida da sim take aiki kamar wayarka, sai dai eriyarta ta fi ƙarfi. Kamfani na son ta domin ba sai ya haƙa rami zuwa kowane gida ba. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel a 2023, kuma daga manyan birane suka fara.

Dalilin haka kimiyya ne da lissafin kuɗi. Ka lura kiɗan ganga daga nesa, sautin mai kauri kake fara ji, siririn ya ɓace a hanya? Haka igiyar rediyo take. Zangon ƙasa, kamar megahaz 700 ko 800, yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma kayan da yake ɗauka kaɗan ne. Zangon megahaz 3,500 da aka yi gwanjonsa don 5G a Disambar 2021 yana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ya nisa, kuma bango da rufin kwano na raunana shi. Kenan yana buƙatar ƙarafa kusa da juna, kowanne da janareta ko sola da mai gadi.

Abu na biyu, sabis ɗin ƙarfe guda rabawa ake yi, kamar famfon unguwa. Da asuba ruwa na zuba, da dare kowa ya kawo bokiti. Shi ya sa sandunan sabis za su cika a wayarka amma bidiyo na ta juyi.

Ta biyu: fayiba har gida

Ita ce ta fi gudu da tsayuwa, ruwan sama bai dame ta ba. Matsalarta tsadar haƙa. Gwamnoni sun amince a riƙa karɓar naira 145 kan kowace mita da aka haƙa, wasu jihohi, har da Kebbi, suka yafe kuɗin. Duk da haka, kamfani sai ya ƙirga gidaje nawa za su biya duk wata kafin ya shiga unguwa. Sannan masu aikin titi da ɓarayi na yawan tsinka ta. Ko ba ta zo gidanka ba, tana shafarka: ƙarfen da aka jona da fayiba ya fi wanda ke karɓar saƙo ta iska daga wani ƙarfen. Nan ne shirin gwamnatin tarayya na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 ya shafi garuruwa irin namu.

Ta uku: daga sama

Tsofaffin taurarin ɗan'adam, irin na dish ɗin talabijin, suna nisan kusan kilomita 36,000, don haka saƙo na jinkiri. Na Starlink kusan kilomita 550 suke, jinkirin kaɗan ne. Ba ruwansa da ƙarfe ko rami, ko a ƙauyen Maiyama ne zai yi aiki muddin farantin na kallon sarari. Amma kayansa da kuɗin wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, yana son wuta a tsaye, kuma ruwa mai ƙarfi na rage shi.

Kafin ka zare kuɗi

Gwada sim ɗin kamfanin a ɗakin da za ka ajiye rautar, da misalin ƙarfe tara na dare. Kada rubutun 5G a kwali ya ruɗe ka, in ƙarfen unguwarku 4G ne, 4G za ka samu. Tambayi mai sayarwa gigabait nawa za ka ci kafin a rage maka gudu a tsarin da ake kira mara iyaka. Ka sani kuma da megabit ake talla, kuma takwas ne ke yin megabait ɗaya. Ajiye rautar a sama kusa da taga, ta fuskar ƙarfe. In shago ne ko makaranta ko cibiyar jarrabawar kwamfuta, riƙe layin kamfani biyu, domin ranar da ɗaya ya ɗauke aiki bai tsaya ba.