Warin Izal Ba Shi Ne Tsaftar Asibiti Ba

A Hayin Banki da Kawo da Unguwar Dosa a Kaduna, mutum kan dawo daga dubiya ya yanke wa asibiti hukunci da hancinsa. In ya shiga ɗakin majinyata warin Izal ya doke shi har ido ya kawo ruwa, sai ya ce wurin nan ana kula da shi. In bai ji komai ba, sai ya ce masu shara sun cinye kuɗin magani. Da wannan ma'aunin ake auna ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa, da shi ake auna Babban Asibitin Kawo, har ma da asibitin Barau Dikko. Ma'aunin kuwa bai da tushe. Ƙwayar cuta ba ta da hanci, wari kuma ba ya nuna ko an goge daɓen ko yayyafa ruwa kawai aka yi aka wuce.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce daɓen asibiti ba kamar na gida ba ne. Jini na zuba a kansa, da amai, da fitsari, da ruwan naƙuda. Inda aka kauce hanya shi ne zaton cewa kowane lungu sai an wanke shi da magani mai ƙarfi kullum. Tun a shekarun 1960 wani likita a Birmingham ta Ingila, Graham Ayliffe, da abokan aikinsa suka gwada abin. Sabulu da ruwa sun kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin da ke kan daɓe, maganin kashe ƙwayoyi ya kwashe sama da kashi 90. Sai dai bayan 'yan sa'o'i ƙwayoyin sun dawo kusan yadda suke, saboda takalma da iska da ƙura ba sa hutu. Shi ya sa littafin jagora da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2019 tare da ƙungiyar ƙwararrun Afirka kan hana yaɗuwar cuta, wanda aka rubuta musamman don asibitocin da ba su da yalwar kayan aiki, ya ce baranda da ofis da ɗakin majinyata na gama-gari omo da ruwa sun ishe su. Magani na ɗakin tiyata ne, da ɗakin haihuwa, da banɗaki, da ɗakin da aka killace mai cuta mai yaɗuwa, da duk inda jini ko wani ruwan jiki ya zuba.

Sai dai a nan ina da ja. A Birmingham ba wanda ke kwana a ƙasa. A asibitocinmu kuwa mai jinya tabarma take shimfiɗawa a gefen gado, a nan take cin abinci, a nan take salla, a nan ɗanta ke rarrafe. Daɓenmu ya fi nasu kusa da baki da hannu. Wannan bai sa maganin ya zama dole a ko'ina ba, amma ya sa yawan gugar ya zama dole. Gugar omo safe da yamma, da kuma take-yanke in wani abu ya zuba, ta fi gugar Izal sau ɗaya da asuba amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma masu cewa in an ƙara yawan bilic, aikinsa ya fi kyau, don haka sai a tuttula Jik ko Hypo a bokiti da ido. Ƙarya ce, mai tsada kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da awo: kashi 0.1 cikin 100 na kulorin don goge wuraren da ake taɓawa, kashi 0.5 don jini da ruwan jiki masu yawa. In kwalbar ta ce ƙarfinta 3.5, to gwangwani ɗaya na bilic a gwangwani 6 na ruwa shi ne na jini, gwangwani ɗaya a 34 shi ne na sauran. Abin da ya haura haka ba ƙwaya yake ƙara kashewa ba, hannun mai guga yake ci, ya tayar wa mai ciwon asma tari, ya cinye ƙafafun gadon ƙarfe da tsatsa. Kuma kulorin na mutuwa in ya haɗu da ƙazanta, don haka sai an fara kwashe abin da ya zuba an wanke da omo kafin a sa shi. Haɗin da ya kwana, ko wanda ya wuni a rana cikin bokiti a buɗe, ƙarfinsa ya ragu. Kowace safiya sabo ake haɗawa.

Mafi haɗari a cikin jita-jitar nan shi ne haɗin gambiza. Wai a zuba bilic da Harpic wuri guda su yi aiki biyu lokaci ɗaya. Harpic na wanke masai yana da asid, kuma asid da bilic in sun haɗu iskar kulorin suke fitarwa, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. A ƙaramin banɗaki mara taga, mai shara ce za ta fara shaƙa.

Kananzir a ruwan mofa fa? Tayil zai yi sheƙi, kyankyaso zai ɗan ja baya, shi ke nan. Ba ya kashe ƙwayar cuta, yana sa santsi a inda tsoho da mai ciki ke takawa, kuma mai ne mai kama wuta a ginin da ake ajiye tukunyar iskar numfashi.

Izal ɗin kansa ba na banza ba ne, yana kashe ƙwayoyi da dama. Amma dangin finol ne, kuma likitocin yara sun daɗe da gano alaƙa tsakanin irin waɗannan magunguna da ciwon shawara a jarirai sababbin haihuwa idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba a ɗakinsu. Ga kuma wanda ake haɗawa a gida a ɗura a gorar ruwa a kai kasuwa, fari fat, da wari sak irin na asali, ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san ƙarfinsa. Asibitin da ya sayi wannan, wari ya saya.

Daga ɗaya ɓangaren kuma sabon zance ya shigo ta Facebook da WhatsApp, wai don kare muhalli a daina bilic gaba ɗaya, a koma ruwan lemon tsami da gishiri da toka. Mun san inda irin wannan ke kaiwa. A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola, saƙon wanka da shan ruwan gishiri ya game ƙasar nan cikin dare guda, har aka rasa rayuka. Abin da ya tare Ebola a wancan lokaci killacewa ce, da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mara lafiya, da kulorin mai awo. Haka yake ga zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma har yau yakan kama ma'aikatan asibiti ta jinin majinyaci. Lemon tsami ba zai tare shi ba.

Amma masu zancen muhalli suna da gaskiya a abu guda, kuma babba ne. Ruwan bokitin nan ba ɓacewa yake ba. In an watsa shi a lambatu, gangarawa yake, kuma ruwan arewacin garin nan ƙarshensa Kogin Kaduna, inda masu lambu ke jan ruwa da rani suna ba alayyafo da latas. Finol guba ne ga kifi. Bilic mai yawa kuma in ya shiga sokawe yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar cikinta, sai ta cika da wuri ta fara tumbatsa. Ke nan asibitin da ya rage magani zuwa inda ake buƙatarsa ya sauƙaƙa wa kogi, ya kuma sauƙaƙa wa aljihunsa. A 2002 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da labarin asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke Sakramento, wanda ya bar mofar auduga ya koma ta zare mai laushi da ake cirewa a wanke bayan kowane ɗaki, ya rage ruwa da magani da kusan kashi 95 cikin 100. Irin wannan mofa tana da tsada a nan, kuma tana son wanki mai kyau. Inda babu ita, bokiti biyu sun wadatar, ɗaya na omo ɗaya na ɗauraya, a fara daga wuri mai tsafta a ƙare a mai datti, a canza ruwa da zarar ya yi duhu.

Saura tsintsiya. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan lulluɓe Kaduna, mai shara kuma ta ga ba abin da ya fi sauri kamar ta zabga tsintsiya tsakanin gadaje. Abin da ya kwanta a ƙasa sai ya tashi ya sauka kan gyambon da aka buɗe za a wanke, da hancin mai tarin fuka. Ƙa'ida ita ce jiƙaƙƙen tsumma a ɗakin majinyata, tsintsiya ta tsaya a farfajiya. Mofar da aka gama aiki da ita kuma a wanke ta a shanya kanta sama a rana ta bushe ƙarau. Wadda ta kwana a cikin ruwan bokiti, gobe ita ce za ta raba ƙwayoyin ɗakin farko zuwa ɗaki na goma, ko da kwalbar Izal guda aka juye mata.